Tanar Roba da Masuntan Yedzaram: Sana'ar Narka Tsohuwa da Rikicin Kalmar "Roba"

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata 'yar sana'ar hannu da ta yaɗu a tsakanin masu fatsa na ƙasar Amurka, wato tara tsohuwar tanar roba da ta yayyage, a narka ta, a sake zuba sabuwa a gida. Daga nan za a dubi yadda sana'ar za ta kasance idan aka kawo ta garin Mubi na Jihar Adamawa, inda kogin Yedzaram ya ratsa. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin harshe da zancen masunta? Amsar ita ce, duk wata dabara da ta fito daga wata ƙasa, ta bakin mai fassara take shigowa, kuma a wannan sana'a akwai kalma guda wadda idan mai fassara ya yi mata riƙon sakainar kashi, to wanda ya bi umarninsa zai tashi da ƙuna a hannu da hayaƙi mai guba a ƙirji. Kalmar kuwa ita ce "roba".

Mece Ce Tanar Roba?

Mai fatsa a ƙasar Hausa yakan sa wa ƙugiyarsa abinci na gaskiya: tana, ko fara, ko gwazarma, ko hanjin kaza, ko cuɗaɗɗen tuwo. Wasu masu jefa ƙugiyoyi da yawa a igiya ɗaya har gutsuren sabulu sukan maƙala don tarwaɗa. Shi kuwa mai fatsa na Amurka sau da yawa ba ya sa komai da ake ci. Abin da yake maƙalawa siffa ce kawai, ta tana ko ta ɗan kifi ko ta kwaɗo, da aka yi da wata roba mai taushi kamar tsoka. Yakan jefa ta cikin ruwa, ya riƙa jan zare a hankali yana girgiza sanda, ita kuma tana lanƙwasa tana kaɗa wutsiya, har babban kifi ya zaci mai rai ce ya kawo mata cafka. Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to a kan wannan karin magana aka gina dabarar baki ɗaya.

Kifin da aka fi yi wa wannan tarko shi ne wanda Turawa ke kira bas (ba motar haya ba), wani mafaraucin kifi mai faɗin baki, ɗan asalin koguna da tafkunan Amurka ta Arewa. An kai irinsa Afirka ta Kudu a 1928, aka kuma zuba shi a tafkin Naibasha na ƙasar Kenya a 1929, amma ba ya cikin kifayen kogunanmu. Wanda ya ƙirƙiro tanar robar da ta karɓu shi ne Nick Creme, wani ma'aikacin injuna a birnin Akron na Jihar Ohayo, garin da ya yi suna da masana'antun taya. Shi da matarsa Cosma suka yi ta gwaji a gida har suka dace a 1949, suka fara sayarwa a 1951. Abin lura a nan shi ne, a cikin gida sana'ar ta fara kafin ta koma masana'anta, don haka masu narka ta a gida a yau asali suka koma.

Tanar roba ba ta da tsawon rai. Kifi biyu ko uku suka cafke ta, sai kai ya yage, ƙugiya ta daina zama. Wanda ya yini a bakin ruwa zai iya komawa gida da cikin aljihu na yagaggu. Zubar da su a ruwa kuwa ɓarna ce, domin ba sa ruɓewa, kuma idan kifi ya haɗiye, sukan zauna masa a ciki su kumbura. Wannan damuwa ta kai har aka gabatar da ƙudurin hana amfani da su a majalisar dokokin Jihar Men ta Amurka a 2013, ko da yake hanin bai tabbata ba. Tsakanin tsimin kuɗi da gudun ƙazantar da ruwa, sai mutane suka koma tara yagaggun suna narkawa.

Yadda Ake Narkawa da Zubi

Sirrin sana'ar yana cikin irin robar. Ana kiran ta filastisol, kuma haɗi ne na abu biyu: garin PVC, wato irin sinadarin da ake yin fayif ɗin ruwa da shi, da wani mai da ke sa shi taushi. Da ɗanyenta fara ce kamar madara. Idan ta ji wuta ta kai wajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyas, sai ta koma garau kamar zuma, in ta huce ta daskare da taushinta. Kuma ko bayan ta daskare, idan aka mayar da ita wuta za ta sake narkewa. Don mai karatu ya gane wannan zafi, ruwa a digiri 100 yake tafasa, ita kuwa wannan roba zafinta ya kai na man da ake suyar ƙosai. Bambancin kawai shi ne, mai idan ya fallatsa a hannu yakan gangara, ita kuwa manne wa fata take yi ta ci gaba da ƙona ta.

Aikin farko shi ne tankaɗe da rairaya. Ana cire duk wani ƙarfe, ƙugiya ko darma, a wanke yagaggun a cire laka, sa'annan a shanya su bushe ƙarau. Bushewar nan ba abin wasa ba ce, domin ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyar roba yakan zama tururi nan take ya watso ta a fuskar mutum, kamar dai yadda mai ke yi idan aka jefa masa jiƙaƙƙen kifi. Sai a ware su launi-launi. Wanda ya haɗa kore da ja da shuɗi a tukunya ɗaya, abin da zai samu shi ne launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Wannan ba asara ba ce ƙwarai, tunda tana ta gaskiya ma ba ta da wani launi na a-zo-a-gani, amma wanda ke son fari mai kama da cikin ɗan kifi dole ya ware. Akwai kuma wata sabuwar roba mai miƙewa kamar cingam da wasu kamfanoni ke yin nasu da ita, wadda ba PVC ba ce. Ita ba a haɗa ta da sauran, domin ko a akwati ɗaya aka ajiye su sukan cinye juna su zama kwaɓaɓɓe.

Bayan an yayyanka su ƙanana, sai a zuba a kofin gilas mai jure zafi a sa a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, ko kuma a ƙaramar tukunya a kan wuta marar ƙarfi. Ana ba ta wuta kaɗan-kaɗan, kamar rabin minti, a fito a juya, a mayar, har ta narke ba gudaji. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Idan wuta ta yi yawa, robar takan fara rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta yi baƙi, ta tayar da hayaƙi mai yaji da ke ɗauke da asid, wanda ke cin hanci da maƙogwaro da huhu. Shi ya sa ake yin aikin a fili ko inda iska ke ratsawa, da safar hannu ta fata da tabarau da riga mai dogon hannu, kuma tukunyar da aka yi wannan aiki da ita ta yi bankwana da girki har abada.

Sai zubi. Duk wanda ya taɓa ganin tandar waina ya riga ya gane yadda abin yake: gurbi ne mai siffar abin da ake so, a tsiyaya narkakkiyar roba a ciki. Masu hali sukan sayi gurbin alminiyam, amma mai ƙaramin ƙarfi yakan yi nasa da farar hodar nan da ake ɗaurin karaya da ita a asibiti, wadda magina ke kira POP. Yakan manna lafiyayyar tanar roba a gindin ƙaramin akwati, ya kwaɓa hodar ya zuba a kai, in ta daskare ya ciro tanar, gurbinta ya fito. Dole a bar gurbin ya bushe sarai na kwanaki, a kuma shafe shi da gam don ya yi santsi. Bayan zubi da 'yan mintoci sai a ɓamɓaro sabuwar tana a jefa ta ruwan sanyi, a shimfiɗa ta a miƙe ta kwana ɗaya ko biyu don kada ta daskare a karkace. Wasu kan barbaɗa gishiri a cikin narkakkiyar robar don ta yi nauyi ta nitse da wuri, kifi kuma ya ɗan daɗe bai tofar ba. Sai dai kowane narki yana rage mata ƙarfi, don haka akan ƙara mata sabuwa kaɗan.

Idan Aka Kawo Ta Mubi

Kogin Yedzaram daga duwatsun da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru yake tasowa, ya ratsa Mubi ya nufi arewa, ya wuce ta Bama a Jihar Borno zuwa kwarin Tafkin Chadi. Kogi ne mai bin damina. In ruwa ya sauka yakan cika ya yi ja da laka, in rani ya yi sai ya koma rairayi da 'yan kududdufai, masu lambu su mamaye gaɓarsa. Kifin irin wannan ruwa su ne tarwaɗa da karfasa da ƙananan kifaye, da gaiwa mai shiga laka ta jira damina.

To a nan ne gizo ke saƙa. Tanar roba yaudarar ido ce da motsi, saboda haka tana bukatar kifin da ke farauta da ido, da ruwan da zai bari ya gani. Tarwaɗa kuwa idonta ƙarami ne, da gashin bakinta take laluben abinci ta hanyar ɗanɗano da ƙanshi, kuma a cikin duhun laka ta fi sakewa. Karfasa ita ma yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa. Wanda ya jefa wa tarwaɗar Yedzaram roba marar ƙanshi a watan Agusta, zai iya dacewa jefi-jefi, domin kifi yana jin girgizar ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, amma yaron da ke kusa da shi mai tana ta gaskiya, wadda ya tono kyauta a bakin lambu, shi zai riga shi cika ƙwarya. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa dabarar ba ta yi kasuwa a wurinmu ba, ba rashin wayewa ba. Ga kuma bambancin manufa. Ba'amurke don nishaɗi yake fatsa, sau da yawa ma in ya kama sai ya mayar ruwa. Masuncinmu abin cefane yake nema, shi ya sa ya fi dogara ga kalli da birgi da taru da mamari, waɗanda ke kama da yawa a lokaci guda.

Amma ba a ce ba mu da kifin da ke cin wannan yaudara ba. Giwan ruwa mafarauci ne na gaske, yana cikin Binuwai da Tafkin Chadi, kuma yakan girma ya wuce kilo 100. Haka tsage mai haƙora kamar zarto, ko da yake shi yakan datse roba mai taushi da cizo ɗaya, har sai an sa waya a gaban ƙugiya don kada ya yanke zare. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai kusa da iyakar Adamawa, ruwa yakan yi garau da rani, kuma baƙi daga ƙasashen waje sukan zo takanas su yi fatsar giwan ruwa da tsage da abincin ƙarya. Ke nan ɗan Mubi da ke son gwada tanar roba, hanyar kudu zai kama, wajen Binuwai ko madatsar ruwa ta Kiri da ke kan kogin Gongola, kuma da rani zai je. Karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" ta nuna cewa tun tuni Bahaushe ya san kifi yana da ido, abin da ya rage shi ne sanin wane kifi, a wane ruwa.

Sarrafa tsohon abu kuwa ba baƙo ba ne ga masuntanmu, sai dai su a wani sashe na kayan su suke sa shi. Duba saman kalli a kowace mashaya, za ka ga gutsattsarin tsohon silifa a jere, su ke riƙe ragar kada ta nitse. Duba ƙasanta za ka ga darma, wadda sau da yawa daga tsohon batirin mota aka ciro ta aka narka. Tsohon tiyub na keke ana yanka shi a yi ɗauri. Ita darmar ma tana da nata haɗari wanda ya fi na roba. Ba mu manta da abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake can daga dakan duwatsun zinare ta fito. Mai narka ta a tsakar gida, kusa da yara da tukunyar miya, da guba iri ɗaya yake wasa.

Roba Ɗaya, Abubuwa Barkatai

Yanzu sai mu ɗauka an ba ɗalibi bayanin wannan sana'a da Ingilishi ya fassara don shirin rediyo, sai ya ce: "A tara tsohuwar roba a narka ta a zuba a gurbi." Jimlar ba ta da aibi ta fuskar nahawu. To amma me mai sauraro a Mubi zai tara? Tanar roba dai ba a sayar da ita a kowane shago balle a sami yagaggunta. Abin da zai tara shi ne abin da shi ya sani da suna roba.

Kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da "danƙo", wato abin da ke fita daga jikin itace kamar gamji ya yi yauƙi, yana kuma da "ƙaro". Sai aka ari "roba" daga Ingilishi don irin wadda ake yin taya da ita. Da kayan filastik suka cika kasuwa, maimakon a ba su suna nasu, sai "roba" ta faɗaɗa ta haɗiye su duka. Yau bokiti roba ne, buta roba ce, kujerar biki roba ce, kwanon cin abinci roba ne, haka tiyo da takalmi da abin ɗaure kuɗi. Har ma kalmar ta zama sunan mazubi da ma'auni, kamar a ce "robar fenti biyu ta masara". Wannan shi ne abin da muke kira faɗaɗar ma'ana a darasin aron kalmomi. "Leda" ma ta yi irin wannan tafiya, domin asalinta kalmar Ingilishi ce mai nufin fata, ga shi ta ƙare a kan jakar zuba tumatir.

A bakin kasuwa wannan faɗi ba ya cutar da kowa, tunda mai saye yana nuna abin da yake so da yatsa. A gaban wuta ne yake zama matsala, domin waɗannan abubuwa ba hali ɗaya gare su ba. Robar taya an riga an dafa ta da farar wuta a masana'anta, ba ta sake narkewa, sai dai ta ƙone ta yi baƙin hayaƙi. Silifa mai taushin soso shi ma motsewa yake yi ya ƙone. Bokiti da buta da leda suna narkewa, amma in sun huce tauri suke yi kamar ƙashi, ba za su kaɗa wutsiya a ruwa ba. Waɗanda suka fi kusa da tanar roba su ne tiyo da takalmin roba mai sulɓi, irin wanda 'yan gwangwan ke saye a kai masana'anta a sake narkawa, domin su ma PVC ne mai taushi. Duk da haka man da ke cikinsu bai kai na tanar roba ba, ba sa tsiyaya kamar zuma, kuma wanda ya matsa musu wuta don su tsiyaya, hayaƙin asid ɗin nan zai tayar. Masu liƙin bokiti da takalmi da ke yawo da wuƙa da garwashi sun san wannan bambanci da hannunsu, shi ya sa ba sa liƙe bokiti da guntun takalmi. Ilimin yana nan a wurin masu sana'a, kalmomin rarrabewa ne ba su shiga rubutu ba.

Don haka mai fassara na gari ba zai tsaya a kan "roba" ba. Zai ce "irin robar da aka yi tanar da ita, ba ta bokiti ko taya ko silifa ba", ko da jimlar ta yi tsawo. Kalmar "filastik" da 'yan jarida ke amfani da ita ta rage matsalar, tunda ta fitar da taya, amma ta bar bokiti da tiyo a ɗaki ɗaya.

Wane Suna Za a Ba Shi?

Saura sunan abin kansa. "Tanar roba" ta yi daidai idan siffar tana ce, "kifin roba" idan ta kifi ce, amma ana yin irinsa da katako da ƙarfe da gashin tsuntsu, saboda haka ana bukatar suna da zai game su. "Abincin bogi" ko "abincin jabu" za su sa mai sauraro ya tuna da gurɓataccen abincin gwangwani. "Abincin ƙarya", wanda na yi amfani da shi a sama, ya fi su, sai dai ba ya tsayawa shi kaɗai sai an ambaci kifi ko ƙugiya.

Hausa tana da wata hanya ta ƙirar suna da ta dace da irin wannan, wato harɗa aikatau da karɓau, kamar hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri. Akwai ma ruɗa-kuyangi, jan hasken nan na faɗuwar rana. A bisa wannan ƙira ina ganin "ruɗa-kifi" zai zauna: gajere ne, ya faɗi aikin abin, bai kuma ɗaure shi da roba ko ƙarfe ba. Amma kafin a sa shi a ƙamus, ya kamata mai nazari ya ɗauki abin a hannu ya kai wa masunta a tafkin Geriyo na Jimeta ko a Kiri, ya ji abin da za su kira shi da kansu. A Mubi kuwa, inda Hausa ke zaune tare da Fulatanci da Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi, ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a garin a 2002, suna da damar bin gaɓar Yedzaram da littafi da biro su rubuta sunan kowane kayan su da kowane kifi a waɗannan harsuna, tare da sunan da ake ba shi idan an juya zuwa Hausa a kasuwa.